Koriyar tukunyar da na ƙi buɗewa

Makon jiya, ana dab da kiran la'asar, wani dattijo ya sauko daga adaidaita sahu a ƙofar shagona, rungume da wani abu a cikin buhu kamar mai ɗauke da jinjiri. Da muka gama gaisawa ya zaro shi ya ɗora a kan tebur. Tukunyar kashe gobara ce, 'yar madaidaiciya, amma ba ja ba ce irin waɗanda suka cika shagon. Koriya ce, fentin ya dusashe, an rubuta BCF a jikinta da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma ga sunan wani kamfani na Ingila.

Ya ce, "Malam, wannan tun ina aiki a masaƙa take hannuna. Da aka rufe kamfanin aka sallame mu, tana cikin ɗan abin da na tsira da shi. Jikana ya ce ai ta daɗe da mutuwa. A zubar da na cikin a ɗura mini sabo."

Na ɗora ta a sikeli. Nauyinta ya zo daidai da abin da aka buga a wuyanta. Shekara ashirin da ɗoriya tana jingine a bayan ƙofa, ko numfashi ba ta yi ba. Na ce, "Baba, ai wannan da ranta. Da wuta za ta tashi a nan yanzu, babu wadda za ta riga ta kashewa a cikin jajayen nan. Amma ni ba zan buɗe ta ba, ku ma ina roƙonku kada ku bari yara su danna ta don wasa."

Ya dube ni, ya dubi tukunyar. Yaron shagona da ke tankaɗe hoda a gefe ya ɗago kai, don a saninsa Oga ba ya mayar da ciniki. Bayanin da na yi musu a ranar gajere ne, sallah ta katse shi. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta shi a tsanake, ko don masu gidajen mai da masu shaguna da ke tambayata kullum wane magani ya fi kashe wuta. Tambayar da ba a taɓa yi mini ba, wadda ni ma na yi shekaru ban yi wa kaina ba, ita ce: in wutar ta mutu, ina maganin yake tafiya?

Na shiga sana'ar gyara da ɗura tukwanen kashe gobara a 1998, ina ɗan shekara goma sha tara, a hannun wani maigida a nan Kano, Allah ya jiƙansa. Bai yi boko mai nisa ba, amma har yau ban ji wanda ya fi shi iya bayanin wuta ba. Cewa yake wuta tukunya ce a kan murhu, duwatsu uku ke riƙe da ita: abin da take ci, da iskar da take shaƙa, da zafi. Zare dutse ɗaya, tukunya ta kife. Ruwa zafin yake ɗaukewa. Yashi da jiƙaƙƙen bargo da iskar kabon ta tukunya mai baƙin tambari, iska suke toshewa. In ka rufe kan tukunyar gas kuwa, abincin ka hana ta.

Koriyar tukunya ba ta bi ta kan duwatsun nan sosai ba, shi ya sa maigida yake kiranta hatsabibiya. Abin da ke cikinta, wato BCF ɗin da aka rubuta a jikinta, sunansa halon 1211, yana kuma da ɗan'uwa, halon 1301, wanda ake jera wa manyan tukwane a ɗakunan kwamfuta da injinan jirage. A cikin harshen wuta akwai wasu ƙananan ɓurɓushi da ke miƙa ƙuna daga wannan zuwa wancan, kamar leburori sun yi layi suna miƙa bulo hannu da hannu zuwa saman bene. Sinadarin buromin da ke cikin halon shi ke shiga tsakiyar layin ya riƙa cafke masu miƙon. Bulo ya daina isa sama, gini ya tsaya. In halon 1301 ya kai kamar kashi 5 cikin 100 na iskar ɗaki, wuta ta mutu ke nan, mutum yana iya numfashi har ya fita, kuma ba ƙura, ba danshi, ba abin da za a share. Wanda ya taɓa ganin yadda hoda ke mayar da ofis kamar injin niƙa zai gane dalilin da ya sa bankuna da kamfanoni suka ɗauke shi ɗan lele.

A 1999 wani babban kamfani ya sauya tukwanensa, ya sayar wa maigida tsofaffin koraye kusan arba'in a farashin gwangwan. Jikinsu alminiyam ne, kuma akwai masu narka shi su ƙera tukwanen girki da suka riga suka yi ciniki. Sai dai ba a kai wa maƙeri tukunya da iska a ciki. Ni da abokin koyona aka sa mu fasa su. Muka kai su bayan shago muka yi ta dannawa ɗaya bayan ɗaya, farin hazo mai sanyi yana fita yana ɓacewa tun kafin ya kai katanga. Har kwalbar lemo muka ajiye muna fesa mata don ta yi sanyi. Mun yi dariya sosai a ranar. A ganinmu abin da ya bi iska ya tafi ke nan.

Sai da na koma makaranta na yi diflomar yamma a fannin kimiyyar ɗakin gwaji na san inda ya tafi. Can sama, nisan kilomita 15 zuwa 35, akwai wata rumfa ta iskar ozon da ke tace hasken rana, tana tare ɓangarensa mai ƙona fata, mai jawo ciwon dajin fata da yanar ido, mai cutar da shuka. Halon ba ya narkewa a ruwan sama, ba ya ruɓewa da wuri a ƙasa, haka yake yawo har ya isa can. A can hasken rana ya fasa shi, buromin ya kuɓuce, ya kama aikin nan da ya iya na cafke-cafke, sai dai wannan karon ozon yake ci. Buromin ya fi kulorin na iskar firji ɓarna ninki arba'in ko fiye. A 1985 masana daga Birtaniya suka bayyana cewa rumfar ta ɓule a saman Antatika. A 1987 aka ƙulla yarjejeniyar Montreal. Ƙasashe masu arziki suka daina ƙera halon daga farkon 1994, ƙasashe irin namu aka ba mu zuwa 2010. Wato a ranar da muke sanyaya lemo, Turawan da suka ƙera tukwanen sun shekara biyar da rufe masana'antar. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, halin da ya sa halon ya yi suna shi ne dai halin da ya sa ya yi ɓarna. Ana so maganin wuta ya zauna shekara da shekaru a tukunya bai lalace ba, ya shiga wuta bai ƙone ba, ya taɓa waya bai ci ta ba. To abin da wuta ba ta iya ci da sauƙi, ƙasa da ruwa da hanta ma da ƙyar za su iya. Tarihin sana'armu duk a kan wannan gaɓar yake tuntuɓe. Tun kafin halon akwai wasu 'yan famfunan tagulla masu suna Pyrene da aka fara sayarwa a farkon ƙarni na 20. Maigida ya rataye ɗaya a bango don ado. Ruwan da ke cikinsu, CTC, yana kashe wutar mota, amma in ya ji zafi yana rikiɗewa zuwa fosjin, iskar gubar da aka kashe sojoji da ita a yaƙin duniya na ɗaya. Aka bar shi aka kama halon. Da halon ya faɗi aka kawo FM-200, wanda har yanzu za ka tarar a ɗakunan kwamfutar bankuna da kamfanonin waya. Ba ya taɓa ozon ko kaɗan, amma kilo ɗaya nasa yana riƙe zafi a sararin sama fiye da kilo 3,000 na iskar kabon. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A watan Oktoba na 2016 aka zauna a Kigali aka yi wa yarjejeniyar Montreal kwaskwarima don a rage shi da danginsa a hankali.

Daga nan kamfanin 3M na Amurka ya fito da Novec 1230. Wannan kam ya burge ni da na fara ganinsa a wani baje koli. Kamar ruwa yake sak, a tsoma waya a ciki a fito da ita tana aiki, a bushe. Yana tafasa a digiri 49, wato da za a bar shi a kwano a tsakar rana a Sakkwato cikin Afrilu, kaɗan zai rage. In ya shiga iska kwana biyar zuwa mako yake yi ya watse, bai taɓa ozon ba, bai ƙara ɗumamar yanayi ba. Muka ce to an kai ƙarshen tika-tiki. A watan Disamba na 2022 sai 3M ya sanar cewa zuwa ƙarshen 2025 zai daina ƙera duk wani abu da ke cikin dangin sinadaran da ake kira PFAS, kuma Novec 1230 yana cikin gidan. Wasu kamfanonin, musamman na Sin, suna ci gaba da yin irinsa da wasu sunaye.

Maganar PFAS ita ce ta kawo ni kan kumfa, kuma nan ne laifina ya fi na koriyar tukunya nauyi.

Kowa ya san ba a kashe wutar fetur da ruwa. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya nutse ƙasa, man ya hau kansa ya bi shi duk inda ya gangara, wutar da take wuri ɗaya ta zama rafi. Kumfa ce maganin wannan, don ita tana iya zama a saman mai ta rufe shi. A shekarun 1960 ɗakin binciken sojan ruwan Amurka tare da 3M suka haɗa wata kumfa da aka sa wa suna AFFF. A watan Yuli na 1967 gobara ta tashi a jirgin ruwan yaƙinsu mai ɗaukar jiragen sama, Forrestal, ta kashe mutum 134. Bayan wannan aka wajabta kumfar a jiragensu, daga nan ta bazu zuwa filayen jirgin sama da matatun mai da defo-defo na duniya. Sirrinta sinadarin fulorin ne, na dangin PFAS ɗin nan. Shi ke sa wani siririn ruwa, wanda bai kai kaurin fatar albasa ba, ya tsiyayo daga kumfar ya shimfiɗu a kan fetur maimakon ya nutse, ya riƙa gudu gaba yana toshe tururin man tun kafin kumfar ta iso. In aka huda shi ya sake haɗewa da kansa. Lita 3 ko 6 ake zubawa a samu lita 100 na haɗi. Na ga aikinta da idona a wani gwaji a faranti cike da fetur: kafin ka ƙirga talatin wuta ta kwanta. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa ganin abin da ya kai ta ba.

Wajen 2007 wani defo ya ba mu kwangilar sauya musu kumfar da wa'adinta ya wuce. Muka kwaso jarkoki cike da mota. Jarkokin muke so, masu kauri ne, masu sayar da manja suna rububinsu. Na cikin fa? Kwata. Damina ce, an yi ruwa da safe, muka tuntsurar da su a babbar kwatar bayan shago. Kafin azahar kumfa ta taso ta cika lungu har gwiwa, fara fat. Yaran unguwa suka fito suna ihu, suna shiga suna fita, suna shafa wa juna gemu. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Kai 'yan nan, wankin wa ake yi haka?" Muka ce ai sabulu ne kawai, Iya. Kuma har ga Allah haka muka ɗauka. Da ita muke wanke hannu in mun taɓa baƙin mai, don ta fi omo cire maiƙo. Jarkokin kuma muka ɗauraye sama-sama muka sayar.

Haɗin da ke tsakanin kabon da fulorin yana cikin mafi ƙarfi da aka sani a kimiyyar sinadarai. Rana ba ta karya shi, ƙwayoyin da ke ruɓar da shara a ƙasa ba sa cin sa, tafasa ruwa ba ta kawar da shi. Shi ya sa ake wa sinadaran PFAS, waɗanda aka gina a kan wannan haɗin, laƙabi da sinadaran har abada. Suna bin ruwa su sauka cikin ƙasa har su tarar da rijiya, suna shiga kifi da ganye da nonon dabba, in sun shiga jinin mutum sai an yi shekaru kafin rabinsu ya fita. Biyu daga cikinsu sun fi suna, PFOS da PFOA. 3M da kansa ya sanar a 2000 cewa zai daina yin PFOS. Yarjejeniyar Stockholm kan gubobi masu naci ta sa PFOS a jerinta a 2009, PFOA a 2019. A ƙarshen 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa PFOA a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, PFOS kuma a rukunin waɗanda ake zargi. Ana kuma danganta su da hauhawar kitse a jini da raunana aikin allurar rigakafi a jikin yara.

A garin Ronneby na ƙasar Suwidin, a 2013 aka gano ruwan famfon da dubban mutane suka daɗe suna sha ya gurɓata daga filin da sojan sama ke atisayen kashe gobara. Shari'a ta yi ta tafiya har Disamba 2023, lokacin da kotun ƙolin ƙasar ta ce tarin sinadarin a jinin mutum shi kansa cutarwa ce, ko da bai kwanta ciwo ba tukuna. A Ostareliya, a Williamtown da Oakey da Katherine, duk garuruwa ne da ke maƙwabtaka da sansanonin soja, an gargaɗi mutane kan ruwan rijiyoyinsu. A Amurka, a 2023, 3M ya amince zai biya hukumomin ruwan sha sama da dala biliyan 10. A watan Afrilu na 2024 hukumar muhallin ƙasar ta sa iyaka: kada PFOS ko PFOA ya wuce kashi 4 cikin tiriliyan a ruwan sha. Na zauna da kalkuleta don in fahimci wannan adadi. Nauyin ɗigon ruwa ɗaya ke nan a cikin tankoki kusan 380, irin masu cin lita 33,000. Mu kuwa jarka-jarka muka tuttula. Kwatocin wajenmu Jakara suke zuba, Jakara kuma ta ratsa lambuna har madatsar Wasai. Duk ranar da na tsaya sayen latas ko kabeji sai lungun nan fari fat ya faɗo mini.

A lura da wani abu a waɗancan garuruwan: yawancin kumfar da ta shiga ƙasa ba a gobarar gaske aka fesa ta ba. A wurin atisaye ne da gwajin motoci, wuri ɗaya, mako bayan mako, shekara da shekaru. Ba rai aka ceta da ita ba, koyo aka yi.

Yanzu duniya ta juya zuwa kumfar da ba ta da fulorin, kuma abin dariya, da tsohuwar zuma ake maganin. Wanda ya fara kumfar kashe gobara wani ɗan Rasha ne, Aleksandr Loran, a Baku garin man fetur, a farkon shekarun 1900. Kumfar wancan zamani haɗin bekin soda ce da ɗan'uwan alif ɗin nan da muke sa wa ruwa ya kwanta, da ruwan saiwar wani tsiro don kumfar ta daɗe. Daga baya aka koma dafa ƙaho da kofato har su narke, a samu wani baƙin ruwa mai kauri. Na taɓa buɗe tsohuwar jarkarsa. Warin kamar bayan abbatuwa a ranar zafi, amma kumfarsa tana da jiki, tana jure wuta. A yaƙin duniya na biyu sojan ruwan Amurka sun yi amfani da kumfar waken soya, daga aikin Percy Julian, wani masanin sinadarai baƙar fata, jikan bayi. Matuƙan jirgi suna ce mata miyar wake. Kumfar yau ba komawa ce kai tsaye ga waɗannan ba. Akasarinta haɗin sinadaran sabulu ne da wasu masu danƙo na dangin sukari da ke sa ƙwayoyin kumfar su riƙe ruwa, wasu kamfanoni kuma sun sake waiwayar waken soya. Filayen jirgin sama na Kopenhagen da Heathrow na Landan da manyan filayen Ostareliya sun fi shekara goma suna aiki da marar fulorin. Ma'aikatar tsaron Amurka, wadda ita ta haifi AFFF, ta fitar da ma'aunin karɓar marar fulorin a watan Janairu na 2023. Tarayyar Turai ma ta kafa doka a 2025 da za ta fitar da PFAS daga kumfar kashe gobara mataki-mataki.

Masu talla za su ce maka sabuwar daidai take da tsohuwar. Ni ban yarda ba, kuma gara a faɗa wa 'yan kwana-kwana gaskiya tunda su ne a gaban wutar. Sabuwar ba ta da siririn ruwan nan mai gudu, bargon kumfar ne kaɗai ke aiki. Don haka tana son a shimfiɗa ta a hankali, a buga ta a bango ko a ƙasa ta gangaro kan man, ba a caka ta cikin tsakiya ba. Tana son bakin tiyo mai shigar da iska sosai. A kan kananzir da man jirgi tana yin abin kirki, a kan fetur takan ɗauki lokaci fiye da AFFF, sau da yawa kuma sai an zuba da yawa. Wasu nau'o'in suna da kauri kamar kunu, tsohon injin haɗawa ba ya jan su daidai. Tankin motar da ya shekara yana ɗaukar AFFF kuma sai an yi masa wanki na musamman, don sinadarin yana manne wa ƙarfe da roba ya riƙa fitowa daga baya. Ita ma sabuwar in ta kwarara cikin kududdufi tana shanye iskar ruwan lokacin da take ruɓewa, kifi ya mutu. Bambancin shi ne wannan ɓarnar ta makonni ce, ruwa ya farfaɗo. Waccan kuwa jikoki za su gada.

Ba na cikin masu cewa a zubar da komai yau. Har gobe akasarin jiragen saman fasinja da halon 1301 suke kare ɗakin kaya da injina, don ba a gama samun madadin da ya ci duk gwaje-gwajen ba, kuma wanda ke sama da gajimare ba shi da ƙofar gudu. Tsohon halon ake tarawa a tace a sake ɗura musu, tunda ba a ƙera sabo. Shi ya sa abin da ke cikin tukunyar dattijon nan dukiya ce, ba shara ba. Haka in tanka ta kama da wuta kuma AFFF ce kaɗai a motar kwana-kwana, a fesa, rai ya fi komai. Abin da ba shi da hujja shi ne a yi atisaye da ita, ko a gwada mota da ita a fili, ko a tuttular da ita a kwata kamar yadda na yi. Wadda wa'adinta ya wuce ƙona ta ake yi a tanderu na musamman mai zafin da ya haura digiri 1,000. Kafin a samu wannan, a bar ta a rufe a jarkarta, a inuwa, a kan siminti.

Akwai kuma hanyoyin da ba su da wannan matsalar tun asali, don daga iskar da muke shaƙa aka ɗebo su. Inergen haɗi ne na naitirojin kashi 52, agon kashi 40, iskar kabon kashi 8. Yana sauke oksijin na ɗaki daga kashi 21 zuwa wajen 13, wuta ta shaƙe, mutum ya samu ya fita. Aibinsa cin wuri, tukwane da yawa yake so. Akwai feshin ruwa mai laushi kamar hazo, wanda ya samu karɓuwa a jiragen ruwa bayan gobarar Scandinavian Star ta 1990 da ta ci mutum 159. Ita kuma hodar da ke cikin tukunyar motarka, wadda jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya a hanya, asalinta taki ce, amoniyam fosfet, dangin wanda manomi ke watsa wa masara. Tana ɓata na'ura, tana sa tari, ba ta sanyaya ƙarfe don haka wuta kan iya dawowa, amma ba ta bar wa ƙasa gado. Matsalarta a wajenmu ha'inci ne. Akwai mai kashi 90 na sinadarin, akwai mai kashi 40, akwai kuma wadda na taɓa buɗewa na tarar da abin da bai wuce farar ƙasa ba. Da damina tana dunƙulewa. A riƙa kifa tukunyar ana girgizawa duk wata, in ka kara kunne za ka ji hodar tana zubowa kamar rairayi.

In an bi ta gaskiya ma, yawancin gobararmu ba sinadarin zamani take nema ba. Daren da kasuwar Sabon Gari ta ƙone a watan Maris na 2016, shaguna sama da 3,000 suka tafi. Ina wurin har gari ya waye. Abin da ake nema a daren ruwa ne da hanyar da mota za ta kutsa tsakanin rumfuna. A Majiya ta jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, mutum fiye da 150 suka rasu a wajen tankar da ta faɗi. Allah ya jiƙansu, babu kumfar da za ta riga wannan wutar. Amma gidajen mai da defo-defo da filayen jirgi dole su ajiye kumfa, kuma nan ne tsorona yake. Duk abin da aka hana a can, hanyar nan yake kamawa. Mun gani a tsofaffin firji da motoci. Yanzu da ake kwashe AFFF daga rumbunan Turai da Amurka, wani zai ga asara ce ya biya kuɗin ƙonawa alhali akwai mai saye.

Watanni biyu da suka wuce wani dillali ya kira ni. Yana da duro-duro na kumfa, lita 200 kowanne, daga waje, a rabin farashi. Na je na gani. An kankare wani ɓangare na takardar jikin, amma haruffa huɗun nan suna nan. Ya ce, "Alhaji, wannan sabon samfuri ne, C6, ba shi da matsalar da kake faɗa." C6 ɗin ma fulorin ne, an dai gajarta sarƙar kabon ɗin da ke cikin sinadarin, ba ya daɗewa a jini kamar na da, amma a ƙasa da ruwa yana nan daram, ya ma fi saurin bin ruwa. Mai saye ya duba: in ya ga AFFF, ko FFFP, ko FP, ko wata kalma da ta fara da fluoro a jerin kayan haɗi, to da fulorin. Marar shi ana rubuta F3 ko FFF, kuma kamfanin kirki zai ba ka takardar bayanin sinadaran da shaidar gwaji. Na ce wa dillalin ya turo mini takardar. Ya ce gobe. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Dattijon nan kuwa mun rabu lafiya. Bayan sallah na ba shi sabuwar tukunyar hoda mai kilo biyu a madadin tasa, na nuna masa yadda ake zare fil, a nufi gindin wutar ba harshenta ba. Ya juya ta a hannu ya ce ba ta kai tasa kyau ba, na ce gaskiya ne, Baba. Koriyar na naɗe fil ɗinta da salatif, na rubuta nauyinta da kwanan wata a jiki, da niyyar in na shiga Abuja in kai maganarta ofishin kula da ozon na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Yaron ya hau benci ya ɗora ta a kan kanta ta sama, inda hannu ba ya kai wa.

Yana saukowa ya ce, "Oga, to waɗancan arba'in ɗin da kuka fasa fa, sun ƙare?"

Halon 1211 yakan yi kimanin shekara 16 a sama, kuma raguwa yake yi a hankali, ba lokaci ɗaya ba. Na ɗauko kalkuleta na buga daga 1999. Na ce masa kamar tukunya takwas suna can har yanzu. Ya ɗaga kai ya dubi silin, sannan ya ja mayafin hancinsa ya koma kan rariya.